Beguwar da Ta Zagaye Maɗaci

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya ba sosai. A bayan littafin lissafi nake yi, biron kuma yana yankewa. In kun ga kuskure ku wuce shi kawai, kuma don Allah kada ku nuna wa Yaya Nafi'u, dariya zai yi mini. Ƙannena Sagiru da Ummita na rubuta wa, don kullum sai sun tambaye ni me ya sa Kaka take shafa wa bishiya laka in ta gama ɗiban magani. Da baki ba na iya bayani.

An yi wata Beguwa a wani daji da ke gindin dutse. Ba ta sata, ba ta gulma. Aibinta ɗaya ne, duk abin da ta gani sai ta ga kamar yanzun nan wani zai riga ta. Ko ruwan sama aka yi sai ta leƙa ƙofar maƙwabta ta ga ko nasu ya fi nata yawa.

Maƙwabcinta Gadu ne. Shi kansa ba ya riƙe magana. In aka gaya masa abu, sai ya yi ta maimaitawa da ƙarfi har ya kai inda za shi, don kada maganar ta zube a hanya. Shi ya sa ba a ba shi sirri. A durƙushe yake kiwo, dabbobi suna cewa ladabi gare shi, alhali wuyansa ne gajere.

Ta ukunsu Inna Hawainiya ce, mai maganin dajin. A kan wata sabara take zaune. Ta san ganye, ta san saiwa, ta san ɓawon kowace bishiya. Sai dai nawa gare ta. In ka gaishe ta da sassafe, sai hantsi ya ɗaga take amsawa.

Wata rana Beguwa ta tashi da ƙaiƙayi. Ta goga bayanta a jikin dutse, sai ƙaya ɗaya ta faɗo. Ta ɗauka ta ɓoye, ta ce ai tata ce. Washegari biyar suka faɗo. Kafin sati biyu duk ƙayoyinta suna ɗaure a dami a ƙuryar rami, ita kuma ta zama sumul kamar sabon tulu.

Ku kun san beguwa ba ta da gudu, ba ta da ƙaho, ba ta da farce. Ƙayar nan ita ce komai nata. In abokin gaba ya zo, baya take juya masa ta girgiza, shi ke nan ya kama gabansa.

Ranar da ƙaya ta ƙarshe ta faɗi, Damisa ta zo dubiya. Tunda suke ba su taɓa gaisawa ba.

"Salamu alaikum, baiwar Allah. Na ji an ce ba kya jin daɗi."

"Da sauƙi," in ji Beguwa daga can cikin rami.

"Fito mana in ga jikin."

"Ai ba sai kin gani ba. Na gode da zumunci."

"To Allah ya sawwaƙe. Ni dama kullum ta nan nake wucewa."

Ba ta nan take wucewa ba.

Beguwa ta jira sai da rana ta take, lokacin da Damisa take barci a kan reshe. Ta lulluɓa da ganyen kalgo, ta lallaɓa ta bi ta cikin ciyawa har gindin sabara.

"Inna! Inna, kina nan? Sannu da hutawa, ya gida, ya aiki, duba ki gani!"

Ta yaye ganyen. Hawainiya ta juyo da ido ɗaya ta dube ta. Ɗaya idon yana kan wani ƙuda.

Aka jima.

"Lafiya lau," in ji Hawainiya. Gaisuwar take amsawa. "Wace ce?"

"Ni ce, Beguwa!"

"Na ɗauka gafiya ce ta yi ƙiba. Me kika sha, 'yar nan?"

"Me ne ne ma ban sha ba? Na yi wanka da ganyen darbejiya. Na shafa man kaɗanya. Na yi hayaƙin hano har idona ya yi ja. Na tauna tazargade. Na sha saiwar wani abu ma da ban san sunansa ba."

"Wa ya ba ki?"

"Kowa."

"To kin sha maganin kowa. Saura naki."

Hawainiya ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi gaba da ita, ta yi baya da ita, ta mayar inda take. Sannan ta fara.

"Akwai maɗaci a bakin rafi. Shi kaɗai ne a dajin nan. Ki je ki yi masa sallama. Ki sassaƙo ɓawonsa ta gabas, faɗin tafin hannunki. Ki zaga yamma ki sassaƙo kamar haka. Kudu da arewa ki bar masa. Ki kwaɓa laka ki shafe inda kika ɗiba. Sassaƙen ki yi jiƙo da shi, ki jefa 'yar kanwa. Ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, sauran ki yi wanka."

Ummita, jiƙo shi ne irin wanda Kaka take zuba wa ruwan sanyi a kasko ya kwana, ba a ɗora shi a wuta. Ba shi ne tsimi ba, tsimi sai ya yi kwanaki har ya yi tsami.

"Shi ke nan?" in ji Beguwa, ta riga ta juya.

"Sau uku za ki yi. Duk tsayuwar wata ki koma ki ɗebo sabo. Ɗanye nake nufi, mai ruwa a jikinsa."

"In ya bushe fa?"

"Busasshe na wani ciwon ne, ba naki ba."

"To Inna, ban da abinki, itace ya san gabas ne? Salla yake yi?"

"Dalilin shi ne," in ji Hawainiya, sai ƙudan nan ya matso. Ta tsaya tana auna shi.

Beguwa ta jira, ta jira, ta ce a ranta, camfin tsofaffi ne kawai. Ta ja ganyen kalgonta ta yi gaba.

Karon farko dai ta bi ƙa'ida, don tsoro bai sake ta ba. Ta yi wa maɗaci sallama ƙasa-ƙasa, tana waige kada wani ya ji ta tana gaida itace. Ta sa haƙori ta ɓanɓaro gabas, ta ɓanɓaro yamma, ta shafe da laka. Ta yi jiƙo a wani fasasshen kasko.

Da ta kurɓa sai da kunnuwanta suka motsa. Ɗacin ya sauka har yatsun ƙafa. Ta yi kwana uku in ta sha ruwan rafi sai ta ji kamar an sa zuma.

Amma magani ya ci. Kafin wata ya ƙare, ƙayoyi suka tsiro mata a ka da wuya, sababbi fil, masu baƙi da fari. Daga kafaɗa zuwa wutsiya kuwa har yanzu tulu.

Damisa ta zo dubiya.

"Kai, masha Allah, kai ya yi kyau. Bayan fa?"

"Yana tafe."

"Allah ya kawo shi a hankali."

Ranar da wata na biyu ya tsaya, Beguwa na zaune a bakin rami da hantsi, sai ta ji murya tana tahowa daga wajen sabara.

"Maɗacin bakin rafi. Gabas da yamma. Faɗin tafi. A shafe da laka. A shanya, a daka, a sha a kunu. Maɗacin bakin rafi. Gabas da yamma."

Gadu ne. Cikinsa ya kumbura ya yi tim kamar ganga, yana tafiya yana nishi.

"Kai Malam Gadu, tsaya! Wane maɗaci?"

"Kada ki katse ni, maƙwabciya, maganar za ta zube. Faɗin tafi. A shafe da laka."

"Na ce wane maɗacin?"

"Na bakin rafi mana, akwai wani ne? Cikina ne ya ɗaure, kwana shida. Inna ta ce in huta yau, gobe da safe in je. A shanya, a daka. Kin gani ko, kin sa na manta kunu."

Ya koma farko ya wuce.

Beguwa ta bi shi da kallo. Ta tuna faɗin kofaton Gadu, ta tuna haƙoransa. Wannan in ya kafa haƙori a bishiya ai rabinta zai tafi da shi. Kuma bakinsa ba ya rufuwa. Zuwa jibi duk dajin ya ji, zomo ya zo, biri ya zo da 'ya'yansa da surukansa. Ita kuma saura karo biyu. Bayanta, wanda shi ne wurin aikin, ko tsinke bai fito ba.

Ta ce, "Ni na fara ganin bishiyar nan."

Ba ita ta fara gani ba. Bishiyar ta girmi kakarta.

Da rana ta take, ta nufi rafi. Wannan karon ba ta yi sallama ba. Ta ɓanɓare gabas duka. Ta ɓanɓare yamma. Ta tsaya ta dubi kudu, ta ce wannan ma ai Gadu zai iya cewa gabas ce, tunda ba hankali ne da shi ba. Ta ɓanɓare. Arewa ta rage ita kaɗai, ta ga ba kyan gani, ta haɗa da ita. Ta yi ƙasa har saiwa, ta miƙe a kan ƙafa biyu ta yi sama iya inda haƙorinta ya kai. Sai da gindin maɗacin ya zama fari tas, zagaye guda, kamar an tuɓe masa wando.

Laka kuwa, ta duba girman wurin ta ce wannan sai dai magini.

Sawu goma sha ɗaya ta yi tana jida zuwa rami. Haƙoranta suka yi ɗaci har ta daina jin yawunta.

Washegari da safe Gadu ya iso bakin rafi da karatunsa. Ya zagaya bishiyar sau ɗaya. Ya sake zagayawa. Ya bi sawu da ɓaraguzan ɓawo har ƙofar Beguwa, ya durƙusa.

"Maƙwabciya, ina gabas?"

"Tana ciki."

"Yamma fa?"

"Ita ma."

"To a ba ni faɗin tafi ɗaya. Ɗaya tak. Ji cikina." Ya buga shi da kofato, ya yi ƙara.

"Ni ma magani nake sha, ba rabo na buɗe ba."

"Ke kaɗai za ki shanye bishiya guda?"

"Bakinka ne ko nawa? Da ka iya rufe baki da ban sha wannan wahalar ba. Sawu goma sha ɗaya na yi saboda kai!"

"Saboda ni? To na gode. A ba ni nawa."

"Kai wai ba ka gane magana ne? Tashi ka ba ni wuri, mai haƙora a waje kamar an shanya su!"

"Ni haƙorana suna nan inda Allah ya sa su," in ji Gadu. "Wasu kuwa nasu kayan yana ɗaure a dami."

Beguwa ta harzuƙa, ta juya masa baya za ta girgiza, irin yadda ta saba. Sai ta tuna. Ta juyo da sauri.

Gadu ya kawar da kai don kunya. Ya tashi ya tafi yana nishi, yana cewa, "Babu gabas, babu yamma. Babu gabas, babu yamma," don kada ya manta abin da zai gaya wa Inna.

Beguwa ta yi jiƙo na biyu da sassaƙen yana ɗanye. Ya ci kuwa. Ƙayoyi suka fito daga kafaɗa har tsakiyar baya, dogaye, suna sheƙi. Ta je rafi shan ruwa ta ga maɗaci yana nan kore shar.

"Ka gani ko?" ta ce masa. "Ba abin da ya same ka. Inna da tsoratarwa."

Wata na uku ya tsaya. Ta shiga ƙurya ta jawo sassaƙe. Ya bushe ƙarau, in ka karya sai ya ce ƙas. Ta tuna maganar Inna, ta ce ɗanye da busasshe ai duk ɗacin ɗaya ne. Ta jiƙa. Ta sha sati guda. Ta waiga baya, babu komai.

Ta ce ƙarfi ne bai kai ba. Ta mayar da ludayi ɗaya ya zama huɗu. Abin da ya fito ba ƙaya ba ne, kuma ba zan rubuta shi ba.

Ta ce to a gwada tsimi. Ta bar shi kwana bakwai a tukunya har ya yi kumfa, ƙudaje ma suka ƙaura daga unguwar. Ta toshe hanci ta sha. Shiru.

Ta tafasa shi ta yi sirace, ta lulluɓa da ganye ta kara bayanta a kan tururin har ya yi ja. Ta zuba a garwashi ta yi hayaƙi. Ta daka ta kwaɓa da man kaɗanya ta shafa. Ta haɗa da zuma ta lasa. Har ƙulli ta yi da shi ta rataya a wutsiya. Wata guda cur tana wannan, bayan nan ko gashi ɗaya bai yi ba, sai ƙyalli da ya ƙara saboda man.

Damisa ta zo dubiya, ta zauna ta daɗe.

"Ƙamshin man kaɗanya nake ji," ta ce. "Har kin fara shafawa? Kin kyauta."

Ranar nan Beguwa ta fusata. Ta kwaso sauran sassaƙen duka ta watsar a bayan rami, ta ce ta yafe, ɗanyen za ta koma ta ɗebo. In ma ta kama ta hau kan dutse ta kai na sama, za ta hau.

Washegari ta nufi rafi. Tun daga nesa ta ga rana a inda inuwa take. Ganyen maɗaci duk yana ƙasa, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarta. Ta turo dutse, ta hau, ta kafa haƙori a ɓawon sama. Ya ɓare a bakinta kamar tsohon itacen girki, gara ta zubo.

Ta sauko. Ta ce, "Salamu alaikum."

Ba a amsa ba. Da ma can ba ya amsawa, amma wannan shirun daban ne.

Ta ruga gindin sabara.

"Inna! Maɗacinki ya mutu!"

Hawainiya ta juyo da ido ɗaya. Can ta juyo da na biyun ma. Tunda Beguwa take ba ta taɓa ganin idanun nan biyu a wuri ɗaya ba.

"Na ji. Gadu ya gaya mini. Ya gaya wa kowa."

"To ni me na yi masa? Ɓawo kawai na ɗiba, ban sare shi ba!"

"'Yar nan, itace ta ƙarƙashin ɓawonsa abincinsa yake bi. In kin ɗebi gabas da yamma, kin bar masa hanya biyu, zai ci ya sha, ciwon ya rufe, baɗi a sake ɗiba. Lakar kuma ɗaurin ciwo ce, saboda rana da ƙwari. In kin zagaye shi kuwa, kin shaƙe masa wuya. Zai yi ta tsayuwa da ganyensa kamar lafiya, alhali ya riga ya tafi."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na fara. Na kai 'dalilin shi ne'."

Beguwa ta ƙara matsowa gindin sabarar.

"Ba wani maganin? Marke fa? Bagaruwa? Ga sabara ma kina zaune a kai!"

"Kowanne da aikinsa. Da maɗaci kika fara, da shi za ki ƙarasa."

"Ba wani maɗacin?"

"Akwai. Ƙetaren fadama, tafiyar kwana uku. Fili ne fetal, ba rami ko ɗaya."

"Su wa ke zaune can?"

"Dangin Damisa. Na ji ma an yi musu haihuwa."

Suna cikin haka sai ga Gadu a guje, wutsiya a tsaye, ciki ya saɓe, fuska tana ƙyalli. Ya zo gaban Beguwa ya durƙusa, kuma wannan karon ladabin ne da gaske.

"Maƙwabciya, Allah ya saka da alheri! Ashe ni na yi miki mummunar fahimta. Wata biyu ina fama, Inna tana ta lallaɓa ni da ruwan tsamiya. Jiya na bi ta bayan raminki na ga kin ajiye mini. Har shanyar kin yi mini! Dakawa kawai na yi na zuba a kunu. Kafin in ajiye ƙwaryar ciki ya saki."

Bai jira Beguwa ta amsa ba, ya ci gaba.

"Kuma da yawa! Na ba Zomo, na ba Biri da surukansa. Duk mai ciwon ciki a dajin nan ya samu. Kowa yana sa miki albarka. Masu zazzaɓi ne dai suke nemanki, su ɗanye suke so."

"Na ce busasshe na wani ciwon ne," in ji Hawainiya. "Nasa ne."

Gadu ya dubi bayan Beguwa, ya kawar da kai. Sai ya tofo wani abu daga kuncinsa, siriri, mai fiffike kamar na fara.

"Na tsinta a gindin bishiyar. Inna ta ce in na gani in kawo. Irin maɗaci ne. Tun daga rafi nake riƙe da shi a baki."

"Ki shuka a inda uwar take," in ji Hawainiya. "Ki ba shi ruwa. Ki tsare shi, don barewa tana son ɗanyen tsiro."

"Wata nawa zai yi?"

"Ba da wata ake lissafa shi ba."

"Shekara?"

"In ya yi kaurin da za a sassaƙa bai ji ba. Sha biyar haka. In damina ta yi kyau."

"Inna, beguwa tana kai shekara sha biyar nan gaba?"

Hawainiya ta mayar da ido ɗaya kan wani ƙuda.

"Wasu suna kaiwa," ta ce.

Haka Beguwa ta tashi daga gindin dutse ta koma bakin rafi. Ta haƙa rami a ƙarƙashin mataccen maɗacin, ta shuka irin a ƙofa. Da baya take shiga ramin, ta toshe bakinsa da rabin jikinta mai ƙaya, kai a waje. Inuwa babu, don ita ta kashe ta. Duk mai zazzaɓin da ya zo neman sassaƙe ita yake tararwa, kuma sai ta yi masa bayani da bakinta, don in ba ta yi ba Gadu zai yi.

Tsiron ya fito da ganye huɗu. Ko fara ce ta sauka a kai sai ka ji ihu daga rami.

"Kai! Tashi! Ko ya girma ma gabas da yamma ne, faɗin tafi, a shafe da laka!"

Damisa kuwa ta canza hanya, yanzu ta bakin rafi take wucewa. Kullum da safe sai ta tsaya.

"Baiwar Allah, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Juyo mana mu ga bayan."

"Na gode da zumunci."

Sai Damisa ta sunkuya ta dubi tsiron, ta auna shi da tafin hannunta. Bai kai ba.

"Allah ya raya," ta ce. "Ni ba sauri nake ba."

Darasin wannan labari shi ne, in ka je ɗiban abin da kowa yake amfana da shi, ka ɗebi iya buƙatarka ka bar masa hanyar rayuwa, don wanda ya kwashe duka saboda kada wani ya samu, shi ne zai fara dawowa nema ya tarar babu. Kuma in babba yana maka bayani ka tsaya ya kai ƙarshe, ko da nawa gare shi. Sagiru, wannan tatsuniya ce, kada ka je ka jiƙa wani abu ka sha ba da sanin Kaka ba, kuma na ga abin da ka yi wa darbejiyar ƙofar gida da wuƙar Umma, gara tun yau ka kwaɓa laka ka je ka shafe kafin Baba ya gani. Akwai darasi na uku game da Gadu, shi ne wanda aka raina yakan, wayyo Umma ce take kirana, wai tukunya tana...